Ruwan Kurkure Bakin Baba Leon

"A ɗaga bikin nan, Desmond."

Ko gaisuwa Renata ba ta yi ba. Ta shigo da baƙar leda, ta zazzage ta a kan teburin kicin ɗinsa. Kwalaben roba suka tarwatse, ɗaya ta gangara ta faɗi ƙasa.

Desmond ya ajiye kofin gahawarsa. "Barka da safiya, amarya. Shara kika kawo mini tsaraba?"

"Ba wasa na zo yi ba! Ƙirga su."

Ya ƙirga. Bakwai ne, manya-manya, duk na ruwan kurkure baki, irin koren nan mai yaji da ke sa ido ƙwalla. Babu ko ɗigo a ciki.

"A bayan gareji na same su, ya lulluɓe su da tsofaffin jaridu. Sati uku da suka wuce ni na share wurin da hannuna, babu ko ɗaya." Ta nuna kwalaben. "Baba ya koma, Desmond... ya koma shan giya."

Wanda bai tashi a gidan mashayi ba zai ce yarinyar nan ta cika zargi. To, Renata a gidan ta tashi. Tana da shekara goma sha huɗu mahaifiyarta ta rasu, mahaifinta Leon Wozniak, ma'aikacin masana'antar gilashi a nan Toledo ta Amurka, ya faɗa wa kwalba har tsawon shekara huɗu. A lokacin ta koyi abin da bai kamata yarinya ta sani ba. Ruwan kurkure baki aiki biyu yake yi wa mashayi: ya rufe masa warin giya, in kuma giyar ta yanke ya kwankwaɗe shi, tunda da barasa a cikinsa. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da Leon ya daina, amma tsoron bai taɓa barin ƙirjinta ba.

Shi kuwa Desmond bakin mutane ne sana'arsa. Ma'aikacin wanke haƙora ne a wani asibitin haƙori, ya kuma samu sabon aiki a birnin Denver mai nisa, can za su tare. Saura sati shida biki.

Ya ɗauki kwalba ɗaya yana juyawa. "Kin ga yana tangaɗi?"

"A'a."

"Ya daina zuwa taronsu na waɗanda suka bar sha?"

"Yana zuwa. Amma ai a da ma..."

"To me kika gani?"

"In na matso sai ya ja baya! In zai yi magana sai ya kawar da kai, ko ya kāre baki da hannu. Wata uku rabon da ya rungume ni. Haka ya yi a da, sak!"

"Kin tambaye shi?"

"Ana tambayar mashayi? Zai kalli tsabar idona ya rantse, ni kuma in yarda, don ina so in yarda." Ta share hawaye da bayan hannu. "Ba zan tafi Denver in bar shi ba."

"Ni fa, Reni?"

"Kai kana da uwa da uba da 'yan'uwa huɗu. Shi ni kaɗai gare shi!"

Maganar ta soke shi, ta gani a fuskarsa. Hannunta ya kai kan zoben alkawarin da ke yatsanta, ta fara murza shi.

"Kar ki taɓa zoben nan, don Allah." Ya riƙe hannun a hankali. "Rabin raina, ba ni zuwa gobe. Ai dama za mu ci abincin rana da shi. Bari in gan shi da idona. In abin da kike tsoro ne, ni da kaina zan kira Denver in ce su nemi wani."

Ta zare hannunta. Amma zoben bai fita ba.

Washegari Lahadi, bayan an taso daga coci, suka tarar Leon ya riga ya shirya teburi: pirogi, wato ƙullin fulawa mai dankali da cuku a ciki, irin na marigayiya matarsa, da gasasshiyar kaza, da kabeji.

"A'a, ga likitan da bai kai likita ba!" in ji shi daga can bakin murhu. "Yau haƙoran wa ka kankare?"

"Yau Lahadi ce, Mista Wozniak. Haƙora ma suna hutu."

"Ka ji shi! Reni, har yanzu kina da sauran lokaci fa. Ɗan maƙwabcinmu lauya ne."

Ya yi dariya, amma hannunsa na kan bakinsa. Ya kuma zauna can ƙarshen teburi kamar baƙo.

Renata ba ta iya cin komai ba, ido kawai ta zuba masa. Desmond ma kallonsa yake yi, sai dai ba abu ɗaya suke kallo ba. Ita hannunsa take duba ko yana rawa. Shi kuwa ya lura duk loma sai tsohon ya kora ta da ruwa, da gefe ɗaya yake tauna, ya kuma ture ɓawon burodi gefen faranti.

Ana tsakiyar ci Leon ya miƙe. "Ina zuwa."

Suka ji ƙarar ƙofar banɗaki, sannan famfo. Da ya dawo, ƙamshin na'a-na'a mai yajin nan ya riga shi isowa teburin. Idanunsa sun yi jawur.

Nan haƙurin Renata ya ƙare.

"Nawa ka sha?"

Leon ya tsaya da hannu a kan kujera. "Me?"

"Na ga kwalaben, Baba! Bakwai! Shekara goma sha ɗaya... saura sati shida aurena... me ya sa? Me na yi maka?"

"Reni..." in ji Desmond.

"Ka ƙyale ni! Ya faɗa mini da bakinsa!"

Tsohon bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗan ciwo. Fuskarsa ce kawai ta zube. Ya dube ta na ɗan lokaci, ya ce a hankali, "Ashe haka kika ɗauka." Ya juya ya fita barandar baya.

Desmond ya bi shi. Renata ta tsaya a bakin wurin wanke-wanke. Tagar a buɗe take, komai tana ji.

Can Desmond ya ce, "Mista Wozniak, yaushe likita ya canza maka maganin hawan jini?"

"Wa ya gaya maka ya canza?"

"Kofi huɗu na ruwa ka sha a kan pirogi shida."

Leon ya yi tsaki. "Wata huɗu. Tun daga nan bakina ya zama kamar kwali. In na tashi da safe sai in ji harshena ya manne."

"In ka goge baki kana ganin jini?"

"Wani sa'in."

"Kullum dai."

"To, kullum! Kai ɗan sanda ne?"

Da tsohon ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa har sai da Renata ta matsa jikin taga.

"Abokina Walter ne ya ja ni gefe a wurin taro. Ya ce, Leon, kar ka ji haushi, bakinka yana wari. A gaban Allah, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na dawo gida na tarar Reni ta aiko mini da waƙar da za mu yi rawar uba da 'ya ranar biki. Ka san rawar nan. Fuskarta a nan, tawa a nan, minti uku cur, mutum ɗari da hamsin suna kallo."

"Na sani."

"Ba ka sani ba, yaro. Ranar da ta gama sakandare na je a buge. Na rungume ta gaban ƙawayenta ina warin giya, na ga yadda ta riƙe numfashi tana murmushi don kar a gane. Har in mutu ba zan manta fuskar nan ba. Na yi rantsuwa ba zan sake tsayawa kusa da 'yata a gaban jama'a ina wari ba. Sai ga wannan..."

Renata ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Shi ne ka sayi mafi zafin," in ji Desmond. "Ka san abin da ke ciki?"

"Ni za ka gaya wa? Hancina ya san shi tun kafin a haife ka. Na gwada mara barasar, kamar ruwan alewa. Na ce abin da bai yi zafi ba ai ba ya aiki." Ya ja numfashi. "Sau shida a rana nake zuba shi a bakina. Duk lokacin sai na riƙe bakin kwanon wanke hannu da ƙarfi, in kira sunan uwarta, sannan in tofar. Ko ɗigo ban haɗiye ba, Desmond. Ko ɗigo! Amma ba zan yi maka ƙarya ba... akwai ranar da na daɗe kafin in tofar."

"Kuma warin ya tafi?"

"Minti ashirin ya dawo. Kullum ƙaruwa ma yake yi."

"Dole ya ƙaru. Yawu shi ne mai wanke baki na asali. Magani ya rage maka shi, kai kuma kana bin ɗan sauran da barasa sau shida a rana. Warin daga ƙarƙashin dasashi yake fitowa, inda datti ya daskare ya zama kamar siminti. Wannan ruwan ba ya kankare shi. Turare kawai kake fesa wa kwandon shara."

"Bakin nawa ne kwandon shara?"

"Misali ne, ranka ya daɗe."

"Mara kunya!" Amma akwai alamar dariya a muryar. "To kai wane iri kake amfani da shi?"

"Ni? Ko kwalba ɗaya babu a gidana, ban da bakwai ɗinka da aka zube mini jiya."

"Kai, ka daina! Mai wanke haƙora guda?"

"Buroshi da man goge baki sau biyu a rana, minti biyu. Zaren sakace sau ɗaya. Shi ke nan. Akwai wanda likita kan rubuta wa na musamman in da dalili, akwai mai son ƙamshin kawai. Amma a ce dole ne? Ba dole ba ne. Kai kuwa, wannan mai barasar bai kamata ya sake kwana a gidanka ba."

"Shekara sittin da uku ina kallon talla suna cewa yana kashe ƙwayoyin cuta..."

"Yana kashe na sama-sama. Yaushe rabonka da kujerar likitan haƙori?"

Leon ya yi gyaran murya. "Uwar Reni ce ke yi mini rajista."

Wato shekara goma sha biyar.

Renata ba ta san lokacin da ta banko ƙofa ba. Ta zube a gabansa, ta kifa kai a gwiwoyinsa tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Baba, ka yafe mini! Ka yafe mini! Na zarge ka... a gaban mutum..."

Ya ɗaga hannu zai kāre baki, ta kama hannun ta riƙe gam.

"Kar ka kuskura! Ka yi mini magana a haka."

"'Yar lele, warin..."

"Ni ina ruwana da wari? Saboda rawa ka dinga zuba wutar nan a bakinka sau shida a rana? In da ta ci ka fa? Da ka ce mini, ai da an soke rawar!"

"Shi ya sa ban ce ba."

Ya shafa kanta, nasa hawayen na sauka a gashinta. "Tashi. Ba ki yi laifi ba. Ni na koya miki ƙirga kwalabe, ba ke kika zaɓa ba. Kuma gara da kika ƙirga. Ban san iya kwanakin da zan ƙara jurewa ba."

Desmond ya miƙe a hankali zai ba su wuri.

"Ina za ka, mai kankare haƙori? Zauna. Gobe ƙarfe nawa kuke buɗewa?"

"Takwas."

"Da zafi?"

"Za mu sa maka maganin kashe zafi."

"Ban tambaye ka magani ba, na ce da zafi?"

"Kaɗan."

"Maƙaryaci."

Kafin su tafi, Leon da kansa ya ɗauko kwalba ta takwas daga banɗaki, ya miƙa wa Renata. Ita ta tuttular da ita, shi yana tsaye a bakin ƙofa ya juya baya.

A mota ta kasa kallon Desmond. Sai da suka tsaya a jan fitila ta ce, "Abin da na faɗa jiya... cewa kai kana da kowa..."

"Gaskiya kika faɗa. Ina da kowa. Ke ce dai ba ni da biyunki."

"Da ban zo wurinka ba, da na rusa aurena, na kuma karya zuciyar Baba a rana ɗaya. Ni giya kawai nake gani. Kai ka ga mutumin." Ta kama hannunsa ta manna a kumatunta. "Na gode, masoyina. Na gode, na gode... ban san yadda zan faɗe shi ya isa ba."

"Ki fara da zaren sakace. Na san ba kya yi."

"Desmond!"

Na bayansu ya danna musu oda, don fitila ta daɗe da zama kore.

Ranar Litinin mutumin da ya yi shekara talatin a gaban tanderun gilashi ya kwanta a kujerar asibiti ya riƙe hannayen kujerar kamar za a harba shi sama. Likita ta duba, ta ce ciwon dasashi ne, ya yi nisa amma bai gagara ba, haƙori ɗaya ne kawai ba zai tsira ba. Zama biyu Desmond ya yi yana kankare abin da shekara goma sha biyar suka tara. Renata na zaune a waje tana jiyo su.

"Buɗe sosai, Mista Wozniak."

"Aaa... ramuwa kake yi!"

"Ramuwar me?"

"Maganar lauya!"

Likitan hawan jini ya sake masa wani magani. Leon ya koma yawo da gorar ruwa da cingam mara sukari. Zaren sakace ne aka sha daga a kansa. Ya ce yatsunsa na ma'aikaci ne, ba na tela ba. Desmond ya kawo masa irin mai mariƙi, ya zauna gabansa ya nuna masa haƙori bayan haƙori. Ranar Alhamis kuma, a wurin taronsu, Leon ya miƙe ya ba da labarin kwalaben da bakinsa, bai rage komai ba. Walter ya yi alkawarin duk Lahadi tare za su riƙa cin abincin rana.

Sati na huɗu jinin ya tsaya. Sati na biyar Leon ya tare Walter a bakin ƙofa ya huro masa iska a fuska ba ko gargaɗi. Walter ya ce ba ya jin komai sai albasa, ya kuma roƙe shi kada ya sake.

Bikin bai ɗaga ko da kwana ɗaya ba.

A zauren cocin, rana na shigowa ta manyan tagogi, mai kiɗa ya sanar da rawar uba da 'ya. Leon ya taso cikin baƙar kwat da ta ɗan yi masa yawa, ya miƙa mata hannu. Da farko ya tsaya nesa-nesa, tsohon sabo. Renata ta jawo shi.

"Matso, Baba."

Ya matso har goshinsu ya kusa haɗuwa. Sai bakin ya buɗe, maganar wata uku da ya tara ta ɓalle. Ya ce ta yi kama da uwarta. Ya ce takalmin nan na matse shi. Ya ce kek ɗin ya yi zaƙi da yawa, kuma ya ga angon yana harararsa lokacin da ya ƙara yanka na biyu.

"Yaron nan," in ji shi, ya kai ido wurin Desmond da ke tsaye yana share ƙwalla ba ko kunya. "Na yi ta tsokanarsa da sana'arsa, ashe da ita zai cece ni. Ki riƙe shi da kyau, kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Kuma ki tafi Denver da zuciya ɗaya. Kin yi gadina shekara goma sha biyar, ya isa haka. Na gode, 'yata. Yanzu ni zan yi gadin kaina."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa, ya rungume ta sosai, suka ƙarasa rawar a haka, kusan a tsaye wuri ɗaya.

Sai da waƙar ta ƙare, jama'a suka ɗau tafi, ya kama hannunta ya saka a na mijinta, sannan ta lura da wani abu. Tun tana da shekara goma sha huɗu ba ta taɓa rungumar mahaifinta ba sai ta shinshina shi a ɓoye. Yau minti uku tana jikinsa, kuma ta manta.